Rasuwar Bututun Bindigar Nuruddeen na Longsight

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, gidan Malam Nuruddeen na Longsight a birnin Manchester yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar bututun bindigarsa. Maƙeri ya tabbatar da mutuwar ranar Talatar da ta gabata a Birmingham, bayan doguwar jinyar da mai shi ya yi ta ɓoyewa. Marigayin ya rasu yana da shekara huɗu da wata bakwai. Harsashi dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha ɗaya ne suka ratsa ta cikinsa, kuma kowane ɗaya Nuruddeen ne ya ɗura shi da hannunsa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, shi ne dogon ƙarfen nan mai rami wanda harsashi ke bi ya fita. Sauran bindigar tana nan lafiya lau. Ƙota da kunama da madubin saiti ba abin da ya same su. Sai dai bindigar da bututunta ya mutu, sanda ce mai lasisi.

Marigayi bai shigo gidan nan da sauƙi ba. Sai da aka kawo shaidu biyu da takardar likitansa, sai da ɗan sanda ya zo ya jijjiga akwatin ƙarfen da za a riƙa kulle shi a ciki don ya ga ko an ɗaure shi da bango, sai da aka tambayi uwargida Jamilatu ita kaɗai ko ta yarda. Sama da duka, sai da aka kawo dalili, domin a ƙasar nan ba a ba mutum bindiga don sha'awa. Dalilin Nuruddeen wasiƙa ce ta tsoho Jeremiah, makiyayin tumaki a kudancin gari. Sun san juna ne ranar da Nuruddeen, wanda sana'arsa gyaran ma'aunai ce, ya je daidaita masa sikelin awon raguna. Wasiƙar layi huɗu ce: yanyawa na ci masa 'yan raguna, kuma ya yarda wannan mutumin ya yi harbi a gonarsa. A kan waɗannan layuka huɗu lasisin yake tsaye. Duk shekara biyar ake sabunta shi, da sabuwar wasiƙa, kuma wa'adin wannan karon ƙarshen watan Afrilu ne.

Tun ranar Talata ake ta faɗa a unguwa da filin gwajin harbi cewa mai shi ne ya kashe shi da son gudu. Gidan mamaci bai musa gudun ba. Harsashi mafi rashin nauyi Nuruddeen yake zaɓa, ya tura shi da gudun da ya kusa ƙafa dubu huɗu a sakan ɗaya. Bai taɓa ƙetare iyakar da littafin masu albarushi ya gindaya ba, amma kullum a bakin iyakar yake tsaye. Abin da masu maganar ba su taɓa zuwa sun gani ba shi ne gonar Jeremiah. Shimfiɗe take kamar tabarma, ba tudu ba kwari. Bayan shingenta na gabas akwai hanyar ƙafa inda mutane ke yawo da karnukansu tun sanyin safiya, bayan wannan kuma titin mota. Harsashi mai nauyi in ya bugi ƙasa a irin wannan fili yakan yi tsalle, kamar faffaɗan dutsen da aka jefa a kan ruwa, ya ci gaba da tafiyarsa inda ba wanda ya aike shi. Mara nauyi mai tsananin gudu kuwa, da ya taɓa wani abu, ko hoge ne, sai ya wargaje a nan take. A shekara huɗu da wata bakwai, ko ɓarɓashi ɗaya bai tsallake shingen nan ba. Abin da marigayi ya ba da ransa a kai ke nan.

Ya kasance mai tsabta, mai cika alkawari, mai kai saƙo inda aka ce. Ba ya cin na kanti. Abincinsa ranar Lahadi da la'asar ake shirya shi, a ƙaramin ɗakin bayan gida, ƙofa a rufe. Nuruddeen zai wanke kwanson harsashi ya gwada tsawonsa, ya auna albarushi a sikeli ƙwaya-ƙwaya, ya zuba, ya sake aunawa. A wannan sa'ar ko wayarsa ba ya ɗauka. Mahaifinsa ya tura shi makarantar kwana a Katsina yana ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma a can ya fara ganin maharba suna ɗura bindigar adaka da awon tafin hannu. Wanda ya fi kowa suna a cikinsu yatsu uku gare shi a hannun dama. Nuruddeen ya dawo Longsight da Hausa a bakinsa da girmama sikeli a ransa.

Marigayi ba mai yawan magana ba ne. Kalma ɗaya ya iya, tas, kuma kafin kunne ya gama jin ta aiki ya riga ya ƙare. Haka ya faɗe ta ranar farko, haka ya faɗe ta ranar ƙarshe. Muryarsa ba ta taɓa canzawa ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka daɗe ana yaudarar kai.

Ciwon ajalinsa na maƙogwaro ne. Duk harbi ɗaya, wutar albarushi takan lashi farkon ramin, daidai inda harsashi ke soma tafiya, kuma yawan gudu yawan wuta ne. Wanda ya fara faɗar haka shi ne Ɗan'azumi, ƙanin Jamilatu, mai karatun digiri na uku a kan ƙarafa, mazaunin wani gidan ɗalibai a unguwar Selly Oak ta Birmingham. Tun watan farko ya ce, “Yaya Nuru, wannan ba harbi kake yi ba, walda kake yi wa ƙarfen nan ta ciki. Sauri fa shi ya haifi nawa.” Nuruddeen ya amsa masa da cewa, “Kai da kake tafiya a hankali, shekara nawa ke nan a uni ba ka iso ba?” Daga ranar ba su taɓa haɗuwa ba tare da wannan magana ta tashi ba.

Gaskiya ɗaya ce, kuma sanarwar rasuwa ba wurin ƙarya ba ce. Nuruddeen ya amsa laifi biyu. Na farko, wata rana da bazara a filin gwaji, don ya rufe bakin Ɗan'azumi, ya saki harsashi ashirin a jere bai bar ƙarfen ya huce ba, har ya kai ba a iya ɗora masa yatsa. Wannan wauta ce, kuma ta rage wa marigayi kwana. Na biyu ya fi nauyi. A kakar bara, harbi biyar da a da ƙwandala ɗaya ke rufe su a jikin takarda suka fara warwatsuwa, har sai da tafin hannu. Ya ce iska ce. Ya ce madubin ne ya goce. Ya je ya sake gilashin idonsa. Mutumin da sana'arsa gaya wa mutane cewa sikelinsu ya daina faɗar gaskiya, wata biyar ya yi bai gaya wa Jeremiah komai ba.

A makon farko na watan Maris, bayan sallar asuba, gari ya waye wa Nuruddeen a gonar. Tumaki sun soma haihuwa. Yanyawa ta fito daga gindin shinge ta tsaya a fili, taku ɗari da hamsin, irin harbin da marigayi ya sha yi ba tare da shawara ba. Nuruddeen ya daidaita, ya taɓa kunama. Tas. A tsakiyar fili sai ga wani ɗan hayaƙi ruwan toka ya tashi a iska ya ɓace. Kaushin maƙogwaron ya yage siririyar fatar harsashin, gudun kuma ya ƙarasa shi tun bai kai rabin hanya ba. Yanyawa ta ɗaga kai ta duba, ta juya a hankali ta tafi. A wannan makon ta ɗauki 'yan raguna uku.

Sabuwar wasiƙar tana kan teburin kicin ɗin Jeremiah a lokacin, an buga ta, saura sa hannu. Ba a sa ba. Wani maƙwabcinsa ya riga ya kawo masa sunan wani maharbi mai babbar bindiga. In ba wasiƙa ba lasisi, in ba lasisi kuwa akwatin ƙarfen nan za a buɗe a kwashe abin da ke ciki, har sikelin ya rasa abin aunawa.

Ranar Talata aka kai majinyacin Birmingham, wurin wani dattijon maƙerin bindiga. Ya zura masa siririn madubi mai fitila, ya juyo da allon da ke nuna cikin ramin don mai shi ya gani. Maƙogwaron ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Maƙerin ya ce ba abin da za a yi, ya kuma ba da shawara cikin ladabi: a sa sabon bututu mai ɗaukar harsashi mai nauyi, a rage gudu, zai ninka wannan kwana sau uku. Ɗan'azumi, wanda ya hau bas tun daga Bristol Road don kada a ba shi labari, ya tsaya a gefe yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Da ya ga fuskar mijin yayarsa sai ya daina, ya ce, “Sannu, Yaya.” An karɓi wannan gaisuwar.

Da Nuruddeen ya dawo gida ya ce gobe zai je gona, Jamilatu ta ce, “Baban Inaya, ni ban san harsashi ba. Amma in tsohon nan ya tambaye ka me ya sa ba ka faɗa masa ba, kada ka ce iska.”

Bai ce iska ba. Ya tarar da Jeremiah a rumfa yana ba wani ɗan rago madara a kwalba. Ya tsaya a tsaye ya gaya masa tun daga kakar bara har zuwa hayaƙin, ya ce ragunan nan uku a wuyansa suke. Sannan ya ƙara da abin da ba wanda ya ba shi shawarar ya faɗa. Ya ce maƙeri ya ce a koma harsashi mai nauyi, kuma shi ba zai koma ba. In Jeremiah yana son mai nauyi a wannan shimfiɗaɗɗen fili, ya kira maharbin da aka kawo masa sunansa. Shi gara ya miƙa lasisinsa da hannunsa da ya saki abin da zai yi tsalle ya nufi hanyar da mutane ke bi. Tsohon bai ɗago kai ba. Sai da kwalbar ta ƙare ya ce zai yi tunani. Nuruddeen ya dawo Manchester hannu rabbana. Washegari, bai san ko zai sake riƙe bindiga ba, ya kira maƙerin ya ce a fara yanka sabon bututu, irin na da sak.

Marigayi ya bar ƙota guda da kunama guda, dukansu cikin ƙoshin lafiya. Ya bar madubin saiti, wanda aka yi wa ƙazafi wata biyar, kuma ana neman gafararsa a bainar jama'a. Ya bar sikeli, da kwanso ɗari biyu a wanke a jere, da sandar goge ciki wadda ta yi masa hidima har ƙarshe ba ta taɓa tona asirinsa ba. Ya bar tumaki masu yawa da ba su san da shi ba, da masu yawo da karnuka da ba su taɓa jin sunansa ba, kuma haka ya fi so. Magajinsa yana hanya. An san shi ma ba zai tsufa ba, an kuma yarda.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe a maƙerar da ya cika. Ba wanka, ba likkafani, ba a kuma wahalar da liman ba. Kamar yadda doka ta tanada, maƙerin zai yanka shi gida uku da zarto a gaban mai shi, a cike takarda, a sanar da 'yan sanda cikin kwana bakwai. Masu zuwa daga Manchester su haɗu a Stockport Road da ƙarfe takwas. Motar tana da wurin mutum uku. Ɗan'azumi ya roƙi guntun maƙogwaron don ya nuna wa ɗalibai, an ba shi. Ana karɓar gaisuwa daga kowa. Nasiha kuwa an samu wadda ta isa, mai ita ya bar ta a gida.

Ba za a yi zaman makoki ba, ba uku ba bakwai. Da safiyar yau Juma'a mai raba wasiƙu ya jefo ambulan ta ƙofa, da shatin yatsa na taɓo a bakinta. Wasiƙar ce, an sa hannu. A ƙasan sa hannun tsohon ya ƙara layi biyu da fensir: “Ka kawo irin na da. Yanyawar tana nan, kuma rabin tumakin ba su haihu ba tukuna.”