Zare Biyu da Suka Kwanta Ranar Talata

A Dajin Kwarin Gawo an daɗe da raba aiki. Zaki ke mulki, Dila ke bayyana wa talakawa abin da Zaki yake nufi, sauran dabbobi kuma su gode. Sai Cilakowa, wadda kullum da hantsi take hawa tsamiyar dandali ta faɗi labaran daji. Doka ta ba ta wannan 'yanci, ta kuma hana kowa tambayarta wa ya gaya mata. Fada tana alfahari da wannan doka ƙwarai, musamman in an yi baƙi.

Shekarar da Tautau ya kawo zare, rububinsa aka yi. Siririn abu ne da ake ɗaurawa a ƙafa, kuma kyauta. Shi zai gaya maka hadari ya taso, ya buɗe maka ƙofar rami in ka dawo, ya tuna maka lokacin shan magani. Kunkuru har hawaye ya yi don daɗi. Ɗaya bakin zaren yana cikin saƙar Tautau, saƙar kuwa a jikin katangar fada take, wai nan inuwa ta fi sanyi.

A wannan lokacin ne fada ta ɓullo da shirin tura 'ya'yan gada ƙaro ilimi. Duk wata a zaɓi goma, a yi musu kiɗa, a shige da su ta ƙofar baya. Ba wanda ya taɓa dawowa. Dila ya ce ilimin ne mai zurfi.

Bushiya ce mai sharar bayan fada, shekara tara tana yi, ta kuma san abin da take sharewa. Wata rana cikin cunkoson kasuwa ta raɓi Cilakowa ta ce, "Yaya, akwai magana a bakina, amma 'ya'yana huɗu."

"Sunanki ba zai taɓa fita daga bakina ba," in ji Cilakowa. "Ranar Talata bayan azahar ki same ni a tsohuwar rijiya. Zaren nan ya san duk inda aka taka, don haka ki kwance naki ki bari a gida. Ni ma haka zan yi."

Ni kaina da na ji dabarar sai da na yaba. Suka haɗu, ba wanda ya gan su. Ranar Juma'a Cilakowa ta hau tsamiya ta ce wata majiya ta shaida mata ana kwashe ƙananan ƙahonni da kofatai daga bayan fada kwando-kwando. Dangin gada suka yi ta kuka a dandali, har Zaki ya kasa barcin rana. Aka kira majalisa.

Dila ya miƙe ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, 'yan majalisa masu girma, a wasu dazuzzukan da tuni an fige wannan baiwar Allah. Mu ba haka muke ba. Ba za mu tambaye ta majiyarta ba, ko da ta roƙe mu. Mun taru ne kawai don duba lafiyar jama'a. Tautau, bisimilla."

Tautau ya sauko a hankali. Shi ba ya ɗaga murya, ba ya kuma ƙarya, abin da ya sa na fi tsoronsa ke nan.

"Ranar Talata tsakanin azahar da la'asar," in ji shi, "zare dubu huɗu da ɗari shida suna motsi. Masu barci ma nasu yana motsi, don zuciya ba ta tsayawa. Biyu ne kaɗai suka kwanta shiru. Tare suka kwanta, tare suka tashi. Ɗaya na Cilakowa ne."

"Ɗayan fa?" in ji Dila.

Tautau ya waiwaya can ƙarshen zaure inda Bushiya take tsaye da tsintsiya. Ta dunƙule wuri guda, kamar yadda danginta suke yi.

"Ban faɗi sunan kowa ba," in ji Cilakowa.

"Mun shaida, Malama," in ji Dila. "Za ma a ba ki lambar yabo ta riƙon amana."

Majalisa ta zartar da abu biyu ba gardama. Kwance zare ba laifi ba ne, kowa yana da 'yancin kwance nasa. Bushiya kuma, saboda daɗewa tana hidima, an ba ta gurbin ƙaro ilimi. Aka yi tafi.

Tun ranar ba wanda ya sake raɓar Cilakowa a kasuwa. In ta nufo rumfa, sai a tuna an bar tukunya a wuta. Tana nan da 'yancinta cif, kullum tana hawa tsamiya ta sanar da hadarin da zare ya riga ya gaya wa kowa.

Ƙarshen wata fada ta aiko mata da sunayen masu tafiya karatu don ta karanta. Ta karanta na 'ya'yan gada goma ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na sha ɗaya sai ta tsaya. Ƙananan bushiyoyi huɗu suna gindin tsamiya sun ɗaga kai suna jira. Ta yi wa uwarsu alkawari, don haka ba ta faɗi sunan ba. Ta daɗe shiru, sannan ta ce ana sa ran ruwa da yamma.

Tautau ya rubuta tsawon shirun, ya aika fada.