Muzuruna a Cikin Anko

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka yi kamun 'yar Hajiya Balaraba a gidana na garin Lanham, nan ƙasar waje, ranar da muzuruna ya shiga sahun ƙawayen amarya.

Muzurun na 'yata Hanifa ne, ta raɗa masa suna Ɗangata. (A Kano mage takan zo ta kama ɓera ta yi gaba abinta. A nan kuwa har likita gare ta.) Da ya fara girma sai ya shiga tsula fitsari a bango da labule, ga kukan neman mace kamar ana yanka shi. Maigidana ya ce ko a yi masa magani ko ya bar gidan. Hanifa ta kwana biyu ba ta cin abinci. Na kai shi asibitin dabbobi aka yi masa fiɗiya.

Likitar ta sallame mu da wani abu na roba kamar mazurari, a ɗaura masa a wuya. Ta ja mini kunne cewa in ya lashi wurin zai iya rurucewa, sai an sake kwantar da shi. Ni kuwa aikin jinya nake yi, na ga abin da ƙaramin rauni ke zama in an yi sake. Na ƙudurta a raina cewa harshen Ɗangata ba zai taɓa wurin nan ba, ko da zan daina barci.

Shi kuma ya ƙudurta nasa. Ya ƙi ci, ya ƙi sha, ya yi ta tafiya da baya yana karo da kujeru, har ya fizge robar. Na mayar, ya sake fizgewa. Sai na zauna na naɗa masa gammo mai laushi, na cusa auduga, na ɗinke, na zura masa a wuya. Ya yi daidai, kansa ba ya kaiwa, ga shi yana cin abincinsa lafiya lau. Har na yi ta yabon kaina. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne ƙyallen da na ɗauka. Ragowar atamfar ankon bikin ce, wadda tela ta haɗo mini da ɗinkina.

Hajiya Balaraba ita ce babbarmu a nan. Ita ta tarbe ni a ƙasar nan, ita ta yi mini wankan jego da na haifi Hanifa. Atamfar ma da kanta ta je gida ta zaɓo. Da yake ɗakina na ƙasa yana da faɗi, a nan aka shirya kamu. Na kulle Ɗangata a ɗakin wanki da ruwansa da abincinsa, na ce in an watse mu gana.

Mata suka cika ɗakin, daga garuruwan Clinton da Upper Marlboro, kowa cikin koriyar atamfa mai zanen ganye. An lulluɓe amarya, dangin ango sun jeru da turare, wata na ɗaukar bidiyo a waya don 'yan gida su gani. Sai wata baƙuwa mai neman wurin alwala ta buɗe ƙofar ɗakin wanki.

Ɗangata ya fito a hankali, yana taku irin na wanda bai gama warkewa ba, gammonsa kore shar. Ya ratsa tsakiyar mata ya je gefen amarya ya zauna. Kowa ya zuba masa ido. Kamar abin bai isa ba, ya ɗaga ƙafar baya sama yana ƙoƙarin kai baki inda aka hana shi.

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta dube shi, ta dubi zanen jikinta, sannan ta dube ni. "Maman Hanifa, ankon 'yata ne a wuyan mage?"

"Hajiya, ki gafarce ni, ba shi da lafiya ne. Aiki aka yi masa."

"Aikin me?"

Na duba, ga surukan amarya, ga waya na kallona. Na sunkuyar da kai na ce, "Fiɗiya."

Wata tsohuwa daga dangin ango ta ce, "Ikon Allah. Mu dai taure muka sani." Dariyar da ake dannewa ta ɓalle, har lulluɓin amarya yana girgiza. Hajiya ce kaɗai ba ta yi ba.

"Cire masa," ta ce.

Ban taɓa yi wa Hajiya musu ba. Amma na san in na cire, kafin in juya ya lashe wurin. Na tuna idon Hanifa da ya kumbura da kuka. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yi mini kowane hukunci, amma wannan ba zan iya cirewa ba sai ya warke." Na sure shi da gammonsa na hau sama, ana ta dariya a bayana.

Ɗangata ya warke sumul, fitsarin bango ya ƙare, maigida bai sake zancen kora ba. Hajiya kuwa ta daɗe tana amsa gaisuwata a taƙaice, abin ya dame ni ƙwarai. Bidiyon ma ya riga ni zuwa Kano, yayata ta bugo tana tambayar ko ƙawar amaryar nan mai gashin baki ta samu miji.

Da bikin ɗan Hajiya ya zo, ta aiko mini da ankona. Na warware sai na ga wani ɗan yanki daban a naɗe. Na kira ta na ce ko kuskure aka yi. Ta ce, "Na mutuminki ne. Kada a ce na yi wariya."

Tun daga nan na koyi abu guda: in an kai anko ɗinki, ragowar ƙyalle rabon tela ne, a bar mata abinta.