Yadda Za Ki Zaɓi Kyamarar Satar Dariyar Baba

Idan mahaifinki irin mutanen nan ne da suna hango waya a sama sai su haɗe rai, su miƙe wuya kamar za a yi musu hoton fasfo, to kakarki ta yanke saƙa. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawarin dariyarsa sai ta kwanta a takarda. Su wata Auta ta bi, lokacin da tafiyarta aiki wani gari mai nisa ta matso, ga shi ba ta da hoton Baba ko ɗaya da haƙoransa a waje.

1. Ki manta da waya

Waya munafuka ce. Kina ɗaukar hoton Baba zai ce, "Kawo in gani. Goge." Kyamarar fim kuwa ba ta nuna wa kowa komai sai an kai wanki. Abin da ya shiga ya shiga.

2. Ki tafi shago da aljihunki

Kada ki tambayi suna, kada ki tambayi shekaru. Ki jefa kyamarar a aljihu ki gwada tafiya. Idan rigar ta karkace gefe guda, ba taki ba ce. Auta ta gwada wata ƙatuwa, mai shagon ya leƙo ta saman tabarau.

"Ƙanwata, hoto za ki ɗauka ko jifa za ki yi?"

"Hoto ne, Malam," ta ce da ƙasa-ƙasan murya. "Amma na sata."

"Af! Ai sai ki faɗa tun farko." Ya zaro wata 'yar mitsitsiya kamar sabulun wanka.

3. Ki nemi mai sauraron magana

Kowane fim yana da lambar saurinsa. Akwai kyamarori masu taurin kai da ke karanta lambar a jikin gwangwanin fim su yarda, ko da fim ɗin ya tsufa a durowa. Ki guje su. Ki nemi mai ɗan zobe da ake murzawa da yatsa, ke ce za ki gaya mata lambar. Tsohon fim kamar Baba yake, idonsa na son ƙarin haske.

"An rubuta ɗari huɗu, ki sa ɗari biyu," in ji mai shagon. "Kina rage lamba, tana ƙara shan haske. Kin saita, kada ki sake taɓawa."

Masana sun tabbatar cewa duk wanda aka ce kada ya taɓa abu, a ranar yatsansa ke fara ƙaiƙayi.

4. Ki san abin da ke ba shi dariya

Na Baban Auta abu ɗaya ne: Mama tana faɗa da rediyo. Ki kafe a bakin ƙofar falo, ki yi kamar kina neman takalmi. Auta ta tsaya, hannu a aljihu. Da ma ita in kunya ta kama ta, duk abin da yatsanta ya samu sai ya murza: gefen mayafi, maɓallin riga. Ran nan zoben kyamarar ya samu.

Mai labarai ya ce ba ruwan sama yau. Mama ta ajiye tsintsiya.

"Kai, ji tsoron Allah! Jiya ma haka ka ce, shanyata ta jiƙe sharkaf!"

Baba ya kwanta da baya, hula ta zame, ya wage baki.

5. Ki danna

Ƙyas!

"Mene ne wannan?"

"Gwiwata ce, Baba."

6. Ki karɓi abin da aka wanko miki

Mai shagon ya duba zoben, ya duba Auta. "Ashirin da biyar? Ƙanwata, ai rana kika ɗura mata."

Hoton ya fito fari fat. Babu falo, babu kujera, babu hanci. Sai tabarau a karkace, da baki buɗe, da giɓin nan na gefen hagu da duk gidan suka sani.

Tana haɗa kaya Baba ya tsince shi a kan akwati. Ya kai shi kusa da ido, ya kai shi nesa.

"Auta, wane ne wannan?"

Ta murza gefen mayafi.

Mama ta leƙo. "Ji giɓi! Ko a duhu na gane mai shi."

"Ba ni ba ne," in ji Baba. "Ni ba na dariya a hoto." Ya ɗaga murfin akwatin, ya tura hoton tsakanin kaya, ya danne da tafin hannu. "Tun da ba ni ba ne, tafi da shi. Ki sa shi inda za ki riƙa gani."

Gargaɗi

Idan naki ya fito fari, ko baƙi, ko kika tarar tun farko ba ki sa fim ba, ba ruwana, ba ruwan mai shago. Ki tuhumi babban yatsanki. In kuma kika buɗe akwati a wani gari kika ji idonki ya cika, wannan ba ya cikin alkawarin da na yi.