Ƙyauren Baba Kunkuru

A wani daji can bayan rafi, rigima ta kai mako uku a zauren dabbobi, duk a kan ƙyaure.

Bara ne suka yanke cewa ƙyauren kowane gida ya fito daga zubi ɗaya, domin in sakatar wani ta karye ya ara ta maƙwabci. Gwaggo Gara ce kafinta. Wai tana ɗanɗana katakon kafin ta sassaƙa, amma kada ku ce ni na faɗa.

"Ni ƙofa biyu nake so," in ji Zomo. "A sa a zubin kowa."

"Kai kaɗai ke gudun baƙi, Malam Zomo," Bushiya ta ce. "Mu ina ruwanmu da ƙofar baya?"

Ana cikin haka aka ji tari daga bakin zaure. Baba Kunkuru ne, ya iso ana shirin tashi, kamar kullum.

"Baba, wannan tari fa?" Gara ta tambaya.

"Ba komai, 'yar nan. Ruwa ne ke ɗan leƙo ni. Ƙyauren yana da kyau, Allah ya yi miki albarka. Mariƙin ne dai ban taɓa kaiwa ba."

Ashe ranar awo, tsawon waɗanda suka zo da wuri aka gwada. Tun farkon damina ɗakin tsohon a buɗe yake, ya ƙi faɗa don kada ran Gara ya ɓaci.

Gara ta share ido. "Laifina ne, Baba. Faɗin ƙyaure da sakata su zauna ɗaya ga kowa. Amma zan huda ramuka daga sama har ƙasa, kowa ya kafa mariƙi inda hannunsa ya kai."

Nan take ta huda ƙyauren zauren, ta sauko da mariƙin. Sassaƙen kuwa ba a ga inda ya zuba ba.

"To, ƙofata ta biyu fa?" Zomo ya ce.

Baba Kunkuru ya ɗaga wuya. "Wannan magana taka ta ɓata mini rai, yaro. Na tafi."

Ya ɗauki lokaci kafin ya kai bakin ƙofa, kowa ya jira shi. Ya kama mariƙin, ya fita, ya buga ƙyauren garam.

Can sai ya buɗe, ya leƙo yana murmushi, ya sake bugawa.