Yadda Za Ka Mayar wa Tsohonka Bijiminsa ta Waya

Kai da mahaifinka ya sayar da bijimin huɗarsa ya tura ka karatu Turkiyya, ka dawo Madarumfa da difilom babu aiki, matso kusa. Dabarata ba ta taɓa ba wa kowa kunya ba, in ban da waɗanda suka gwada ta.

1. Rage Hausa

In an gaishe ka, yi jim kamar kana laluben amsa. Mai ilimi ba ya amsa gaisuwa da wuri.

2. Fito da kan bijimin

Ranar da tsoho ya tambayi abin da ka karanto, buɗe wayarka ka nuna masa alamar nan. Ka ce mutanen Luwiya, wata al'umma da ta shuɗe tun kafin kakan kakansa, da zane suke rubutu a kan dutse, wannan kuma kan bijimi ne. Ƙara da cewa masana sun ba shi lambarsa a Yunikod, tsarin da wayoyin duniya ke gane haruffa da shi. Ja sunan sosai, ya fi kama da magani.

Ka ce, "Baba, wanga bijimi ba ya cin harawa, ba ya mutuwa." Kada ka kalli ƙanwarka Hadiza, wadda da hauya take noma gonar tun da ka tafi.

3. Kada ka tura wa kowa

Nan Aliyu ɗan garin Safo ya kife, har yau ina jin haushinsa. Tsohonsa ya yi murna, ya ce a tura wa Sa'idu, baffan Aliyu, a nuna wa majalisa bayan la'asar. Wayar Sa'idu ba ta san zanen ba, sai ta fito da ɗan akwati fanko. Aka miƙa wa tsoho, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "I, na gane shi. Shingen bijimina ne. Tun ran da anka kai shi kasuwa haka yake."

4. In ta kwaɓe

Ɗora wa rezo laifi, wato sabis ɗin waya, sannan ka karɓi hauyar daga hannun Hadiza.

Gargaɗi: in damina ta faɗi tsohonka ya ɗaura maka garma a wuya, babu ruwana. Ni bijimai biyu aka sayar a kaina, kuma da wayar Hadizarmu na rubuta wannan.