Ranar Da Na Ba Teku Kanwa

Ko zan manta da komai na zamana a Bawku, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, wadda na gayyaci dattawan unguwa su zo ɗakina kallon teku.

A farkon shekarun casa'in ne. Ni ɗan Salaga, aka turo ni Bawku aikin akawu a wani kamfanin haƙar rijiyoyin burtsatse. Ban san kowa ba. A ƙofar gidan da nake haya akwai benci inda mai gidan, Alhaji Seidu dillalin tumaki, yake hira da abokansa bayan la'asar. In na yi sallama sukan amsa da mutunci, su koma hirarsu ta Hausa gauraye da Kusasanci da Mosanci. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya taɓa matsawa ya ce in zauna.

Da Baturen da nake aiki a ƙarƙashinsa zai koma ƙasarsu, sai ya bar mini akwatin gilashinsa na kifin teku. Ruwan gishiri ne a ciki, da ƙananan kifaye masu launi, da murjani mai rai a jikin duwatsu (ni da a wuyan mata kawai na san murjani). Ya koya mini hidimarsu. In ruwa ya ragu saboda zafi, in ƙara tataccen ruwan sama ba tare da gishiri ba. Akwai kuma wani farin gari da ke ƙarfafa murjanin: a ɗebi ɗan kaɗan a bakin cokali, a narkar, a ɗiga sannu a hankali. Da na tambaye shi ko mene ne, ya ce ɗan'uwan kanwarmu ne.

Kifayen nan suka zama mutanena. In na dawo aiki su nake fara yi wa sallama. Nakan ba su labarin ofis, har in kai musu ƙarar direbobi. Abin kunya ne a faɗa, amma wata rana sai in wuni ban yi doguwar magana da kowa ba sai su.

Kaɗaici dai bai bar ni ba. Wata ranar Alhamis na yi ta maza, na tsaya a bencin na ce ina da teku a ɗaki, gobe bayan masallaci su zo su gani. Alhaji ya dube ni sosai, ya ce, "Teku a Bawku? To, Malam, za mu zo mu gan shi."

Da safe na duba akwatin da idon mai jiran baƙi, sai na ga komai ya dushe. Farin garin ya daɗe da ƙarewa, murjanin ya yi laushi, kifayen ma kamar ba su da kuzari. Nan na tuna yadda a gidanmu ake jiƙa wa raguna kanwa in Sallah ta matso, su yi ta cin abinci, gashinsu ya yi sheƙi. Ga kuma maganar Bature. Na je wurin Alhaji na roƙi kanwa, na ce cikina ke murɗawa. Ya ba ni dunƙule guda daga ta tumakinsa, har da yi mini sannu.

Na daka, na jiƙa, na dubi cokalin Bature na raina shi (wa ke kiwo da bakin cokali?). Na juye kwanon gaba ɗaya, na rufe akwatin da zane don a yi buɗewa ta burgewa, na tafi masallaci ina jin kaina.

Suka zo kuwa, Alhaji da abokansa, suka cika ɗan ɗakina. Rabona da ganin takalma da yawa haka a ƙofata tun Salaga. Na gyara murya, na yi ɗan jawabi kan ikon Allah a ƙarƙashin ruwa, sannan na yaye zanen.

Ruwan ya koma fari fat, kamar an dama koko. Ba a ganin dutse, balle murjani.

Wani tsoho ya matso da fuskarsa jikin gilashin, ya ce, "Malam, kifin yana ina?"

Kamar yana jira a tambaya, babban cikin kifayen, mai ruwan ɗorawa, wanda na fi yi wa hira, ya taso sama da cikinsa a sama. Wani ya biyo shi. Na tsoma hannu ina kamfato su, ina ce musu su yi haƙuri, da ƙarfi, a gaban dattawa.

Alhaji ya kalli kwanon da ke ƙasa da guntun kanwa a ciki, ya kalle ni. A hankali ya ce, "Malam, ashe cikin kifi ne yana murɗa?"

Ba su yi dariya a gabana ba, kuma wannan ya fi ciwo. Suka yi mini jaje kamar an yi rasuwa, suka sa takalmansu. Sai da suka kai zaure na ji dariya ta ɓarke.

Kafin magariba ba kifi ko ɗaya da ya rage. Murjanin ya bi su bayan 'yan kwanaki, ya bar farin dutse. Na wanke akwatin, na rasa inda zan kai shi, ya ci gaba da zama a kusurwa.

Abu ɗaya dai ya canza. Daga ranar, duk lokacin da zan wuce bencin sai wani ya ce, "Mai teku, yaya ruwa?" In ce lafiya lau, su yi dariya, ni ma in taya su, in wuce ɗaki in buɗe ƙofa ba wanda zan yi wa sallama.

Abin da na koya shi ne, kifi ba rago ba ne. Kuma in ka sami wanda ke sauraronka kullum ba ya ƙosawa, ka bar shi da dushewarsa, kada ka ce sai ka yi masa kwalliya don baƙi.