Rasuwar Rikodar Maman Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da miƙa wuya ga ƙaddara, Maman Biyu, ɗalibar ajin ƙarshe a sashen Falsafa, tana sanar da 'yan uwa da abokan karatu rasuwar 'yar rikodarta.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da riƙon amana. Duk ranar da ɗaya daga cikin tagwaye ya tashi da zazzaɓi, ita ke tafiya aji a jakar ƙawa, ta zauna kan teburin gaba, ta dawo da darasin Mantiƙi ba ragi, har da tarin malam. Ta yi karatu a bakin murhu, ta yi a layin asibiti. Ba ta taɓa gajiya da maimaita "Duk mai rai mamaci ne" ba, ashe har da kanta take nufi.

Ciwon ajali ya same ta a mugun lokaci. An sauya manhajar digiri, aka soke Mantiƙi na Biyu, kwas ɗin da ya kayar da uwar ɗakinta bara, malamin kuma ya yi ritaya. Maman Biyu ta roƙi a maye mata gurbinsa da Falsafar Ɗabi'a, wadda ta ci da kyau. Shugaban sashe ya tura ta wurin jami'in jarrabawa, shi kuma ya ce sai kwamiti ya zauna. In sun ƙi, dama ɗaya ta rage mata ta sake rubuta jarrabawar Mantiƙin. In ta faɗi, sai sabuwar manhaja da ƙarin shekara, ga makarantar da ta yi mata alkawarin aikin koyarwa ba za ta jira ba.

Ana cikin wannan zullumi marigayiyar ta soma shaƙewa. Muryar malam ta koma "krrr... saboda haka... krrr", ta yi shiru kafin ta faɗi saboda haka mene ne. Mai gyara ya kwance ta, ya tarar da busasshiyar madara a cikinta, ya girgiza kai.

Ta bar caja, da abin kunne mai ji ta ɓari ɗaya, da tagwayen da ake zargi, da uwar ɗakin da ba ta da ko shafi guda a rubuce.

Za a yi jana'iza ranar zaman kwamiti, a bencin da ke ƙofar ofishin shugaban sashe. An yafe wa kowa kuka. Duk mai tsohon littafin Mantiƙi ya zo da shi gaisuwa. Mai makoki za ta karɓa hannu bibbiyu, amma a yi mata uzuri in ba ta ɗago ba, kunnenta na jikin ƙofa.